Littafin Karo-karo da Sunan da Ban Rubuta Ba

'Yan uwana mazauna Kurmi, na Sabo da na Shasha, na Bodija da na Ojoo, har da waɗanda ke Shagamu da Agege. Maganar da na kawo yau tana da nauyi a baki, don haka ina roƙon mai karatu ya daure ya kai ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci.

Ni dai a Sabon Ibadan aka haife ni, nan kuma aka haifi Babana. Kakana ne ya zo daga ƙasar Katsina da fataucin goro. Baba ya bar goro ya koma albasa, rumfarmu tana Kasuwar Shasha. Kullum bayan sallar asuba mukan taso daga Mokola, mu bi ta Sango, mu wuce ƙofar Jami'ar Ibadan, mu kai Ojoo, sannan mu sauka a Shasha. Karatuna a sakandare ya tsaya, na gama a 2017, ƙofar jami'ar nan kuwa ta tagar mota kawai nake ganinta. Amma a layinmu wannan ɗan karatun ya isa a ɗora mini littafin karo-karo. Littafi ne irin na 'yan makaranta, bangonsa duk ya sha maiƙo. In an yi rasuwa ni nake zagayawa a haɗa kuɗin likkafani da na mota. In an kama yaron wani, a haɗa na beli. In rufin masallaci ya fara yoyo, a haɗa na kwano. Wallahi mutanenmu ba su da rowa a irin wannan. Na sha ganin ɗan dako da bai karya kumallo ba ya zaro ɗari biyu ya ce in rubuta.

A bayan layinmu akwai wani mai sayar da abinci. Ba zan faɗi sunansa ba, bari in kira shi Mai Tukunya. Ɗan daudu ne, kowa ya sani, shi ma bai ɓoye ba. In yana gaban murhu zani yake ɗaurawa a kan wando, in zai yi magana sai ya karya wuya ya tafa hannu, ga habaici kamar a bakinsa aka ƙirƙiro shi. Ya ce mini daga Kano ya taso bayan shekarar 2000, lokacin da aka ƙaddamar da shari'a aka matsa wa irinsu, ya yi Zuba, ya yi Lakwaja, daga ƙarshe ya yada zango a Shasha. Tuwonsa da miyar kuka babu na biyunsu a kasuwar nan. Alhazan da ba za su amsa sallamarsa a gaban mutane ba, su ne ke aiken yara da langa da azahar. Ni Kawu nake ce masa tun ina ƙarami, shi kuma ya ce mini ɗan Alhaji.

A 2019 wata ɗaliba Bayarabiya daga wata jami'a ta zo tana neman tafinta. Aka nuna mata ni, saboda ina jin Yarbanci kamar Hausa, ina kuma taɓa Turanci. Ta ce bincike take yi a kan yadda masu sayar da abinci ke magana. Muka zagaya wajen masu waina da masu shayi, amma na lura duk hanyar da muka bi sai ta ɓulle rumfar Mai Tukunya. Rana ta uku ta zauna a bencinsa ta ciro 'yar na'urar ɗaukar magana. Ya dube ta, ya dubi na'urar, ya ci gaba da tuƙa tuwonsa. Can sai ya ce, "Ɗan Alhaji, tambayar mini 'yar nan, wa ya biya ta ta zo ta ji bakina?"

Na fassara. Ta ɗan yi jim, sannan ta faɗi gaskiya, ta ce wani ɗan tallafi ta samu daga ƙasar waje, daga masu ba da kuɗi don a yi nazarin rayuwar mutane irinsa. Mai Tukunya ya saki muciya ya yi shewa. Ya ce, "Ashe muna da kasuwa a Turai ba mu sani ba! To ce mata ta kashe abin nan. Tuwo kyauta ne, magana kuwa ba ta sayarwa ba ce." Ya zuba mata malmala biyu, ta ci, ta tafi da littafinta babu komai a ciki sai sunayen miya.

Da daddare labari ya riga ni isa gida. Baba bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Cewa kawai ya yi, "Kai yanzu bokon naka abin da ya koya maka ke nan, ka zama ɗan jagoran masu tonon asiri?" Na ce, "Baba ka yi haƙuri." Washegari na mayar mata da kuɗin tafintan kwana biyun da suka rage.

Amma tambayar Mai Tukunya ta zauna mini a rai. Kafin mu rabu da ɗalibar na sake yi mata ita da bakina: su waye ke ba da irin wannan kuɗi, kuma me suke samu? Ta rubuta mini sunaye a bayan wata takarda, ta ce in nema da kaina. Na yi watanni ina bin sunayen nan a wayata, in kasuwa ta yi sanyi bayan la'asar.

Ga abin da na tarar. A Amurka akwai wani marubuci mai suna Larry Kramer, wanda ya yi suna wajen gwagwarmaya a kan cutar ƙanjamau, kuma tsohon ɗalibin Jami'ar Yale ne. A 1997 ya yi wa jami'ar tayin miliyoyin daloli don a kafa kujerar farfesa ta dindindin a fannin nazarin 'yan luwaɗi. Jami'ar ta ƙi, ta ce fannin ya yi ƙanƙanta a ɗaure masa kujera har abada. Aka yi ta cacar baki a jaridu. Sai a 2001 yayansa Arthur ya ba da dala miliyan 1, aka buɗe wani shiri na nazarin 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo da sunan Larry, na shekara biyar, ya ƙare a 2006. A Jami'ar Harvard kuma ba attajiri ɗaya ne ya yi ba. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ma'aikata masu wannan hali ce ta yi karo-karo har ta tara dala miliyan 1.5, a 2009 aka ba da sanarwar kujerar da aka sa wa sunan F. O. Matthiessen, wani malamin adabi na jami'ar da ya mutu a 1950. Da kuɗin ake gayyato malami daga wani wuri ya zo ya koyar na zango ɗaya.

Jama'a, kada wani ya juya mini magana. Ni Musulmi ne, abin da addinina ya ce a kan luwaɗi da maɗigo a fili yake, ban zo in yi masa kwaskwarima ba. Da na fara karanta labarin nan sai da na yi a'uziyya na kife wayar. Kuma a ƙasar nan ma maganar ba ta taso ba, domin dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, da shekara 10 ga wanda ya kafa ƙungiyarsu ko ya tallafa mata. Amma ni ɗan kasuwa ne, ɗan ɗan kasuwa, idona bai iya wuce lissafi. Abin da ya sa na sake ɗaukar wayar shi ne yadda suke yi da kuɗin. Ba a cin uwar kuɗin. Juya ta ake yi a hannun jari, a riƙa cire kamar kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a shekara ana biyan malamin. Wato dala miliyan 1.5 za ta riƙa haifar da dubu 60 zuwa 75 duk shekara, waɗanda suka tara su mutu, jikokinsu su mutu, kujera tana nan, wani yana zaune a kanta yana rubuta labarinsu yadda suke so a ji shi. Tsarin dai shi ne na waƙafi da malamanmu ke karantarwa, a tsare asali a ci amfani. Niyyar ce ta sha bamban. Mu da muka gaji waƙafi a littafi, kuɗin da na fi daɗewa ina riƙewa a littafin karo-karo bai wuce kwana tara ba.

Suna na biyu a takardar ɗalibar shi ne ya fi taɓa ni, don ya shafi gidanmu. Abner Cohen, haifaffen Bagadaza, malamin jami'a a Landan. Ya zo Sabon Ibadan a 1962 ya zauna har 1963, ya ƙirga mu gida-gida ya samu mutum dubu huɗu da 'yan kai, a 1969 ya fitar da littafi mai suna Custom and Politics in Urban Africa. Na samu kwafinsa a wajen masu hoton takardu a Agbowo, na yi wata uku ina fama da shi da ƙamus. A ciki na ga an kafa Sabo a 1916. A ciki na ga yadda masu gida ke saukar da fataken shanu da na goro, su ba su masauki, su tsaya musu a kan bashi, dillalai na kai da kawowa a tsakani, ba takarda ba sa hannu sai amana. Kai, kamar ina jin muryar kakana.

Na riƙa fassara wa Baba da daddare yana gyaɗa kai, har muka iso inda Baturen ya yi bayanin yadda mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950 suka ware masallacin Juma'arsu. A fahimtarsa, wannan hanya ce ta tsare kansu da kasuwancinsu daga narkewa cikin Yarbawa, a daidai lokacin da Turawan mulki suka daina tsaya wa Sabo. Baba ya miƙe zaune. Ya ce, "Wato wazifar da ubana ya yi har ya mutu, dabarar sayar da goro ce?" Na ce, "Baba, haka shi ya gani." Ya ce, "To shi ya gani. Mu wa ya tambaye mu abin da muka gani?" Na yi shiru, don an tambaye su ɗin, shekara guda da 'yan watanni ana tambayarsu. Wanda ya riƙe alƙalamin ne dai ba namu ba, kuma ba mu muka ciyar da shi ba. Yau duk ɗalibin duniya da zai san Sabo ta ƙofar littafin nan zai shiga, har da babin da ya yi a kan karuwan unguwar, wanda na tsallake ban karanta wa Baba ba. Ba wai babu namu da suka yi rubutu ba. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu ya fitar da littafi a 1978 a kan yadda Hausawa suka bazu a Afirka ta Yamma. Amma na Sabo ita kanta, daga bakin ɗan Sabo, ban taɓa riƙe shi a hannuna ba.

Suna na uku shi ne Rudolf Gaudio, Ba'amurke masanin harshe, wanda ya zauna da 'yan daudun Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafinsa a 2009 mai suna Allah Made Us, wato Allah ne Ya yi mu. Shi ya sauya sunayen mutanen da ya zanta da su. Ya kuma faɗi abin da kowane ɗan kasuwa ya sani amma ba a faɗa: daudu daban, luwaɗi daban, ko da yake sukan haɗu a mutum ɗaya, kuma da yawa cikin 'yan daudu suna da mata da 'ya'ya, suna salla, wasu har sun sauke farali. Da na ba Mai Tukunya labarin littafin, sai ya ce, "Shi ya rubuta ya hau jirgi. Mu da za mu kwana a nan fa?" Ya san abin da yake faɗa. Tun daga 2014, sunan mutum irinsa a kan takarda ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma abin da na lura da shi a kan kujerun can. Mai kuɗi yana sayen kujera, amma ido yana bin abin da aka biya shi ya gani. Shi kansa Kramer daga baya ya yi ta ƙorafi cewa shi tarihi ya so a koyar, aka karkatar da shirin zuwa wani abu daban. To in wanda ya kawo kuɗin bai samu yadda yake so ba, ina ga wanda aka zo nazarinsa? Da Mai Tukunya ya yi wa ɗalibar nan magana, abu ɗaya za a ɗauka a jikinsa a kai Turai. Ba za a rubuta cewa yana da 'ya'ya mata uku a garinsu ba, waɗanda ni nake tura musu kuɗi ta wayata duk ƙarshen wata. Ba za a rubuta cewa almajiran layinmu sun san ƙanzon tukunyarsa nasu ne ba. Haka nake ta faɗa wa kaina, ina jin daɗi cewa mu ne muka san shi ciki da bai, ba baƙi ba.

Sai ga watan Fabrairun 2021. Ba sai na ba ku labari ba, da yawanku kuna ciki. Saɓani tsakanin ɗan dako da wata mai shago a kan tumatirin da ya zube, wani mai gyaran takalmi ya rasa ransa, kafin a ankara wuta ta kama Shasha. Rumfuna da gidaje suka ƙone, na Hausawa da na Yarbawa, aka rasa rayuka. Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar ya sa dokar hana fita, gwamnonin Arewa suka zo jaje. Mu muna da gida a Sabo, amma ɗaruruwan mutane a gidan Sarkin Shasha suka fake, mata da yara a tsakar gida, maza a waje.

A kwanakin nan na ga Mai Tukunya da idona. Rumfarsa ta ƙone ƙurmus. Tukunya ɗaya ya tsira da ita, babbar, ya jawo ta a ƙasa har inda mutane suke. Ya kafa duwatsu uku, duk abin da aka kawo na taimako, shinkafa ko garin masara, shi yake dafawa, don babu wanda ya iya girkin mutum ɗari kamarsa. Ba shewa, ba habaici, idonsa ya yi ja da hayaƙi. Kwana huɗu yana kan murhun nan.

Da ƙura ta lafa, 'yan uwa daga Sabo da Ikko suka aiko da gudummawa ga mutanen layinmu. Aka ce a rubuta sunan duk wanda ya yi asara da abin da ya rasa. Littafi yana hannuna. Muka zauna a kan tabarma, dattawa suna faɗa ina rubutawa, wane buhu 40, wane buhu 12 da sikeli, wane shago da firiji. Da muka zo ƙarshen layi na ce, "Saura Kawu mai abinci." Wani dattijo, wanda na ga langarsa a rumfar nan ba sau ɗaya ba, ya ce, "Yaro, wannan kuɗin Musulmi ne suka tara. Takardar nan za ta je hannun manya. Ka san abin da kake shirin rubutawa kuwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ma ya yi asara." Ya ce, "Allah Ya mayar masa." Na dubi Baba. Baba yana kallon carbinsa.

Ban rubuta ba. Babu wanda ya riƙe mini hannu. Na ja layi a ƙarƙashin suna na 31 na rufe littafi.

Bayan kwana biyu na same shi yana ɗaure tukunyar nan da igiya, zai hau tirelar da ta sauke albasa za ta koma Arewa. Ya riga ya ji, a kasuwa ba a ɓoye komai. Na fara kame-kame, ya katse ni. Ya ce, "Ɗan Alhaji, bar shi. Waccan ta zo da kuɗi ta rubuta ni na hana. Kai kuma an hana ka. Ka ga an yi ragas." Ya yi 'yar dariya, ya ce in riƙe masa gefe ɗaya mu ɗora. Tukunyar tana da nauyi, har yanzu da sauran ɗumi a gindinta. A 2023 babbar 'yarsa ta kira lambar da ta saba ganin kuɗi na fitowa daga ita, ta ce mini Allah Ya yi masa rasuwa bayan gajeriyar jinya. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, mu ma Ya yafe mana.

Bara, a taron layinmu na bayan salla, na miƙe na kawo shawara. Na ce a ware wani asusu daban wanda ba za a taɓa uwar kuɗinsa ba, a sa a hannun amintattu uku su riƙa juyawa a albasa, ribar a riƙa biya wa yaro ɗaya ɗan Sabo ko ɗan Shasha kuɗin karatun tarihi a jami'a, da sharaɗin ya zauna da tsofaffinmu ya rubuta abin da suka sani kafin su ƙare. Ban ambaci Harvard ba, ban ambaci Kramer ba, na san inda zancen zai ƙare in na yi. Waƙafi na ce. Wasu suka yi dariya, wani ya ce tarihi ba ya sauke tirela. Amma an rubuta. Zuwa yau abin da ke ciki naira dubu 84 ne, ko kuɗin zango ɗaya bai kai ba, kuma buhun albasa biyu na farko da aka saya da shi rabi ya ruɓe a damina.

Baba bai ce komai ba a wajen taron. Sai da muka hau mota za mu koma gida, mun wuce Ojoo, muna dab da ƙofar jami'a, ya zaro dubu biyar daga aljihun gaba ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "Rubuta." Na buɗe littafin a kan gwiwata na rubuta. Can ya ce, "Shi yaron da za a biya wa, in ya tashi rubutun, kowa da kowa zai sa?"

Na ce, "Baba, ai wanda ya biya shi zai faɗa."

Ya yi shiru har muka kai Sango. Littafin dai shi ne na 2021, ban canza ba, sauran 'yan shafuka ya cika. A ƙarƙashin layin da na ja akwai wurin suna ɗaya. Daren nan na sa fensir na rubuta lamba 32, na sa tukwane uku, buhun shinkafa ɗaya da rabi, benci biyu, kwanuka, da rumfa. Wurin suna na rubuta sunansa na yanka, wanda 'yarsa ta faɗa mini a waya, wanda duk zamansa a Shasha ban taɓa jin kowa ya kira shi da shi ba.